Littafin Bashi Ya Koma Na'ura: Wace Manhaja Ce Ta Dace Da 'Yan Kasuwar Shehuri?

MAIDUGURI: Sau biyu cikin shekara biyu 'yan kasuwar wannan birni suka ga abin da ke iya samun littafin lissafi na takarda. A watan Fabrairun 2023 gobara ta tashi a babbar kasuwar Monday Market, sa'an nan a watan Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo gari har fadar Shehun Borno da ke Shehuri. Wanda littafin bashinsa ya ƙone ko ya jiƙe, ba abin da ya rage masa sai amanar waɗanda yake bi.

Don haka batun manhajar jadawalin lissafi, watau wadda ke jera kaya da farashi layi-layi ta fitar da jimla da kanta, ya wuce harkar akawu kaɗai. Ga guda uku da ke takara.

Ta farko ita ce Excel ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito a 1985. Takan ɗauki layi fiye da miliyan ɗaya, tana aiki ko babu intanet, kuma ita ma'aikatu suka fi sani. Aibinta shi ne cikakkiyarta ta kwamfuta sai an biya kuɗi.

Ta biyu ita ce Google Sheets, wadda ta fito a 2006. Kyauta ce, tana aiki a wayar hannu, kuma mai shago da yaronsa suna iya rubutu a shafi ɗaya lokaci guda. Lissafin yana ajiye a rumbun Google, inda gobarar kasuwa ba ta kaiwa. Amma fa tana son intanet, sai in an shirya mata aiki ba tare da shi ba tun da wuri. Mutanen Borno kuwa ba su manta da 2013 ba, lokacin da aka rufe layukan waya saboda dokar ta-ɓaci.

Ta uku ita ce LibreOffice Calc, wadda ta fito a 2011. Ba a biyan ko kwabo, ba ta bukatar intanet, kuma tana buɗe takardun Excel, ko da yake wani lokaci tsarinsu kan hargitse. Sai dai ta kwamfuta ce, kwamfuta kuwa sai da wuta. A 2021 Maiduguri ta yi watanni cikin duhu bayan an fasa turakun lantarki a hanyar Damaturu.

Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi. Mai ƙaramin shago da waya, Sheets ta ishe shi. Dillalin da ke hulɗa da ma'aikatu, Excel. Mai kwamfuta da sola wanda ba ya son kashe kuɗi, Calc. Kowace aka zaɓa, wajibi ne a ajiye kwafin lissafin a wuri biyu, ɗaya nesa da shago.