Birkin Faifai Na Kuka, Amma Ciwon Yana Cibiya

Iyayenmu sun yi zamaninsu a kan Raleigh da Phoenix, kekuna masu birkin ƙarfe da ke kama bakin ƙafa. Yau kuwa, in muka duba inuwar da ɗalibai ke jingine kekunansu, za mu ga da dama suna da wani faifan ƙarfe a tsakiyar ƙafa. Wannan shi ne birkin faifai. Yana kamawa sosai ko da a cikin ruwan sama. Sai dai mun lura da wani kuskure da ke yawan faruwa: da zarar faifan ya fara gogawa yana kuka, sai a hau taɓa birki, ko a sa filaya a lanƙwasa faifai, alhali laifin yana wani wuri. Wato an bar jaki ana dukan taiki.

Bari mu fara da yadda abin yake. A tsakiyar kowace ƙafar keke akwai cibiya, inda wayoyin ƙafa suke haɗuwa. A cikinta akwai sandar ƙarfe, wato aksul, wadda ke ɗaure a jikin keke, ba ta juyawa. Cibiya ce ke juyawa a kanta bisa ƙananan ƙwallayen ƙarfe da muke kira boris. A galibin kekuna akwai boris 10 a kowane gefe na ƙafar gaba, da 9 masu ɗan girma a kowane gefe na ƙafar baya. Wani noti mai tsinin baki ne ke tallafe su, wani notin kuma yana bayansa yana kulle shi.

Faifan birki a jikin wannan cibiya yake ɗaure, sau da yawa da kusoshi 6. Faɗinsa yakan zama milimita 160 ko 180 ko 203, kaurinsa kuwa wajen milimita 2 ne ko ƙasa da haka kaɗan. Yana ratsawa ta tsakanin takalman birki biyu, kuma ratar da ke kowane gefe ba ta cika rabin milimita ba. Takalman suna manne da jikin keke, faifai yana manne da cibiya. Saboda haka duk motsin da cibiya ta yi, komai ƙanƙantarsa, faifai zai bi ta ya taɓa takalmi.

Cutar farko ita ce sakin cibiya. In notin kullewa ya kwance, ko boris suka cinye, sai ƙafa ta riƙa rawa hagu da dama. A ƙasarmu ƙurar hunturu da ruwan damina suna shiga su gauraya da giris, su zama kamar yashin wanke tukunya. Ta biyu ita ce lanƙwasar aksul, wadda ta fi samun ƙafar baya saboda goyo da kaya masu nauyi da faɗawa rami. Ta uku ita ce ƙafar da ba ta zauna daidai a gurbinta ba, musamman bayan an yi faci an mayar da ita da gaggawa. Ta huɗu kuwa, datti ko tsatsa a fuskar cibiya inda faifai ke zama, ko kusoshinsa sun saki.

Kada mu ɗauka ƙara ce kawai ke damun kunne. Faifan da ke rawa yana cin takalmi a karkace. In birkin mai aiki da mai ne, faifan yakan tura takalman baya, sai mahayi ya matsa hannun birki ya ji ya tafi nesa kafin ya kama. A kan gangara, ko a mararrabar da babura da manyan motoci ke kai da kawowa, wannan ɗan jinkiri ya isa ya kai mutum asibiti.

To, yaya za mu gane? Kunne ma malami ne. In kukan yana zuwa sau ɗaya a kowane zagaye, mai yiwuwa faifai ya lanƙwashe, ko bai zauna daidai a fuskar cibiya ba. In gugar ba ta yankewa, a duba zaman ƙafa a gurbinta, sa'an nan zaman gidan takalman. In kuwa keke shiru yake a miƙaƙƙiyar hanya, sai an sha kwana ko an miƙe tsaye ana taka feda yake kuka, to cibiya ce abin zargi. Gwajinta ba ya bukatar ko sifana. A ɗaga ƙafa, a kama taya daga sama, a tura ta gefe da gefe. In an ji ƙwas-ƙwas, cibiya ta saki. In an juya ƙafa aka ji gurzawa kamar ana niƙa, boris sun bushe ko an matse su fiye da kima.

Gyara yana da tsari. Da farko a daidaita cibiya: a wanke, a canja boris in sun yi tabo, a sa sabon giris, a ɗaure har rawa ta ɓace amma ƙafa tana juyawa sumul. Aikin yana bukatar siraran sifanoni, yawanci lamba 13 a gaba da 15 a baya. Wanda ba shi da su gara ya kai wa mai gyara. Aksul da ta lanƙwashe canja ta ake yi. Bayan haka a sa keke a ƙasa domin nauyinsa ya zaunar da ƙafa a gurbi, a ɗaure tamau. Daga ƙarshe ne ake sassauta kusoshi biyu na gidan takalman, a matse hannun birki, a ɗaure su yana matse. Wanda ya fara daga nan kafin ya gyara cibiya, gobe zai sake.

Abubuwa uku na kiyayewa. Kada giris ko mai ya taɓa faifai, domin takalmin da ya sha mai ba ya sake kamawa da kyau. Kada a matsa hannun birkin mai alhali an cire ƙafa, gama takalman za su haɗe. Kada kuma yatsa ya kusanci faifai yana juyawa, ko bayan doguwar gangara, don yana yanka kuma yana ƙuna.

Shawararmu ga ɗalibai da malamai da iyayen da ke saya wa yara kekunan gwanjo ita ce, kowace Asabar a girgiza ƙafafun nan biyu kafin a hau. Minti ɗaya ya isa. Rigakafi ya fi magani.