Bandar Kifi A Jimeta: Yadda Yanayi Da Itace Ke Yanke Ɗanɗano Da Farashi

YOLA: Duk ɗan kasuwar da ya saba sarin busasshen kifi a Bakin Kogi da ke Jimeta ya san cewa kwali biyu na tarwaɗa za su iya zuwa girma ɗaya, a kuma saye su kuɗi ɗaya, amma ɗaya ya isa Anacha lafiya a yi rububinsa, ɗayan kuwa a buɗe shi a tarar ya koma gari da ƙwari. Yawancin 'yan kasuwa kan danganta wannan da sa'a. Amma idan aka bi diddigi, za a ga abubuwa biyu ne ke yanke hukuncin tun kafin a ɗaure kwalin, watau lokacin da aka kama kifin da kuma itacen da aka yi bandarsa da shi.

Maganar ba ƙarama ba ce ga tattalin arziki. Alƙaluman da Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya ta bayar cikin 2021 sun nuna cewa Nijeriya na bukatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da ake samarwa a gida bai wuce tan miliyan 1.1 da 'yan kai ba. Ana cike wani ɓangare na giɓin da kifin ƙanƙara daga waje, wanda ke cin kuɗin musaya. Saboda haka duk kwalin da ya lalace a hanya asara ce biyu, ga mai shi da kuma ga ƙasa.

Jihar Adamawa na da rabo mai tsoka a wannan sana'a. Kogin Binuwai ya ratsa ta gefen Jimeta, ya haɗu da Kogin Gongola a Numan. Akwai Tafkin Geriyo a bayan gari, akwai kuma madatsar ruwa ta Kiri a Ƙaramar Hukumar Shelleng, wadda aka kammala cikin 1982 domin gonar rake ta kamfanin sukari na Savannah. Masunta Bwatiye da Jukunawa da Hausawa sun daɗe suna cin abinci a waɗannan ruwaye, yayin da mata ke riƙe da kaso mai yawa na aikin banda.

Tarwaɗa, kifin mai ƙaramin ƙarfi

A idon masu saye, giwan ruwa da yauni su ne kifin manya, kuma farashinsu na nuna haka. Tarwaɗa ita ce ta kowa da kowa, tare da karfasa da ƙurungu. Sai dai arahar tarwaɗa ba ta rage mata daraja a tukunya ba. Tana da maiƙo, ba ta da ƙananan ƙayoyi masu wahalarwa, kuma kitsen nan nata shi ke riƙe ƙamshin hayaƙi fiye da kifi maras maiƙo.

Tarwaɗar da ta ji banda mai kyau ana gane ta da ido da hanci. Fatarta kan yi ja mai duhu tana ɗan sheƙi, ba ta shafa baƙi a tafin hannu. Idan aka ɓalla ta sai ta yi ƙas, tsokar ta fito fara-fara ko ruwan ƙasa mai haske, tana rabuwa salla-salla. Ƙamshinta na itace ne mai sauƙi, ba na ƙonannen mai ba. A miyar kuka ko ta kuɓewa takan jiƙa ta yi taushi ba tare da ta narke ba, ta bar wani gardi a bayan harshe. Wadda ta samu irin wannan aiki ba ta jin kunyar zama kusa da giwan ruwa, ga shi kuwa an same ta a kuɗin da magidanci zai iya biya.

Aikin yanayi

Damina a Yola kan kama daga watan Mayu zuwa Oktoba, kogi kuma kan kai maƙurar cikarsa wajen Satumba. A lokacin ne ruwa ke malala cikin fadamu, kifi ya bi shi ya yi ƙwai, ya ci ya ƙoshi. Da ruwa ya fara janyewa a kaka, kifin kan komo kogi da ƙiba da kitse. Sai kuma a yi dace, domin daidai lokacin ne hunturu ke shigowa da busasshiyar iska mai zuƙe danshi. Kifin da aka kama tsakanin Nuwamba da Janairu ya haɗa abu biyu ke nan: maiƙon da ke ba da daɗi, da iskar da ke taya wuta aiki. Shi ne kan gaba a inganci.

Bazara kuwa wani labari ne. A Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40, kuma a irin wannan zafi ɗanyen kifi kan fara juyawa cikin 'yan sa'o'i idan babu ƙanƙara. Hayaƙi yana iya ɓoye warin na ɗan lokaci, amma ba ya gyara tsokar da ta riga ta saki. Bugu da ƙari, kifin da ya maƙale a kududdufan da ke ƙafewa kan rame, ya kuma ɗauki ɗanɗanon taɓo daga gansakukar da ke yawaita a ruwan da ba ya gudu.

Damina ita ce mafi wuya ga mai banda. Itace jiƙaƙƙe ne, iska cike take da laima, busasshen kifi kuma yakan sake shan danshi daga iskar. Daga nan sai funfuna da tsutsa. Ɗanyen kifi kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, kuma sai an sauke wannan zuwa wajen kashi 10 zuwa 15 kafin ya iya yin watanni a ajiye. Shi ya sa ake bukatar kilo 3 zuwa 4 na ɗanye kafin a sami kilo guda na busasshe.

A nan ne lissafi ya shigo. A ce kwali biyu kowanne na da nauyin kilo 10. Na farko danshinsa kashi 12 ne, na biyu kashi 30. Wanda ya sayi na farko ya sami kilo 8.8 na zallar kifi, na biyu kuwa kilo 7 kawai, sauran ruwa ne ya biya wa kuɗin mota, kuma ruwan nan ne zai ruɓar da kayan. Tun da yake a kasuwanninmu da kwali ko kwando ko kashi ake ciniki, ba da sikeli da ma'aunin danshi ba, mai saye ne ke ɗaukar wannan kasada.

Har ila yau, cikar kogin ba ta hannun damina kaɗai take ba. Tun da aka gina madatsar Lagdo a Kamaru cikin 1982, kudu da Garwa, riƙe ruwa da sakinsa na shafar yadda fadamun Adamawa ke cika. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna irin ɓarnar da ake yi wa ƙauyukan bakin kogi, inda murhun banda da tarin itace ke cikin abin da ruwa ke fara ci.

Aikin itace

Hayaƙi kayan haɗi ne, kamar daddawa a miya. Itace mai tauri irin su ƙirya da marke yakan ci a hankali, ya ba da garwashi mai daɗewa da hayaƙi mai ƙamshi, wanda ke ba kifi launi, ya kuma rage saurin lalacewar kitsensa. Itace mai ƙaro irin su maje yakan tashi da harshen wuta da baƙin hayaƙi, ya bar kunkunniya a jikin kifi. Ɗanyen itace kuma tururi yake fitarwa, sai kifin ya dahu a waje, cikinsa na nan da ruwa. Mafi muni shi ne a hura wuta da leda ko roba ko guntun katakon da aka yi wa fenti, domin warinsu kan shiga tsoka, gubarsu kuma ta shiga cikin mai ci.

Matsalar ita ce itace mai kyau na ƙara tsada da nisa. Adamawa na cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin shirin Babbar Koriyar Ganuwa na yaƙi da kwararowar hamada. Masu gawayi na farautar ƙirya, madobiya kuwa an sare ta ba ƙaƙƙautawa a Adamawa da Taraba domin kasuwar Sin, har aka sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Idan itace ya yi tsada, mai banda kan rage kwanakin wuta ko ya koma ga duk abin da zai ci. Daga nan wasu ke neman mafita a maganin ƙwari, suna yayyafa wa kifi don ya jure hanya. Idan dai ba a manta ba, sinadarin da ke cikin irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya cikin 2015.

Abin da ke jiran mai jari

Hanyoyin gyara ba sababbi ba ne. Tun cikin 1969 aka ɓullo da murhun Chorkor a Ghana, da haɗin gwiwar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Murhun laka ne da ake jera masa tire-tire a sama, ta yadda hayaƙi ɗaya ke ratsa hawa da yawa, a rage cin itace. Daga baya hukumar ta fito da murhun Thiaroye a Senegal, mai tare kitse don kada ya ɗiga cikin wuta. Wannan na da muhimmanci, domin ɗigar kitse a kan harshen wuta na cikin abin da ke haifar da sinadarin benzofairin mai jawo ciwon daji. Daga Satumban 2014 Tarayyar Turai ta ƙayyade shi ga maikrogiram 2 a kowane kilo na bandar kifi. Amurka kuma ta dakatar da karɓar tarwaɗa daga Nijeriya a Maris na 2018, saboda rashin takardun da ke nuna yadda ake duba lafiyarta. A gida, Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa ta daɗe tana aiki kan ingantattun murahu.

Akwai kuma darasin suna. Garin Arbroath a Sikotilan ƙaramin gari ne na masunta, amma cikin 2004 aka yi wa bandar kifinsa rajista, ta yadda ba wanda zai sayar da kifi da wannan suna sai an gasa shi a kan itace mai tauri cikin tazarar kilomita 8 daga garin. Sunan wuri ya zama jari.

Ba sai an jira rajistar Turai ba kafin a fara a Jimeta. Ƙungiyoyin masu kifi na iya raba kaya gida uku bisa bushewa, a rubuta wa kowane kwali watan da aka yi bandarsa da wurin da ya fito, ko Geriyo ko Kiri ko Numan. Mai jari kuma na iya sayen na hunturu lokacin da ya wadata, ya ajiye a ɗaki mai iska bisa katako, yana ɗan nuna masa wuta jifa-jifa, ya fitar da shi a damina sa'ad da mai kyau ya yi wuya. Kafin nan, duk mai sari ya riƙa yi wa dillalinsa tambayoyi biyu: yaushe aka kama shi, kuma da wane itace aka yi bandarsa? Ya kuma ɓalla ɗaya daga ƙasan kwali ya sansana kafin ya ƙirga kuɗi.