Tungar Guru: Darasin kai magani har ƙofar gida

A manyan biranen Amurka da Kanada, ma'aikatan motocin ɗaukar marasa lafiya sun daɗe da lura da wani abu: wasu mutane ƙalilan ne ke yawan kiran lambar gaggawa, a kai su asibiti, a sallame su, bayan 'yan kwanaki su sake kira.

Galibinsu tsofaffi ne, ko masu fama da ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko asma. Sau da yawa abin da ke mayar da su asibiti yana cikin gidajensu ne: maganin da ba a sha kan ƙa'ida, ko rashin mai kula, ko rashin abin hawa zuwa wurin likita.

Wannan ne ya sa aka ɓullo da tsarin da ma'aikatan agajin gaggawa ke zuwa gidajen irin waɗannan mutane tun kafin ciwo ya tashi. Su auna jini, su duba magunguna, su ga yadda mutum yake zaune. Hukumar MedStar ta birnin Fort Worth a jihar Texas ta soma irin wannan shiri a 2009, yayin da jihar Minnesota ta kafa dokar amincewa da wannan rukuni na ma'aikata a 2011.

 Yankin yammacin jihar Zamfara ma ya taɓa fuskantar ainihin wannan tambaya, kuma cikin yanayi mai tsanani.

Gubar dalma

A watan Maris na 2010, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano cewa ƙananan yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai soma amai da jijjiga, sai ya suma. Da fari an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau.

Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Mutanen ƙauyukan suna kawo duwatsun da suka haƙo domin neman zinare, su farfasa, su niƙa, su shanya a cikin gidaje, a wasu lokuta ma da injin da ake niƙa hatsi. Duwatsun na ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsu kuma ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu. Ƙauyuka bakwai da aka fara mayar da hankali a kansu su ne 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, sai Dareta da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji a Anka.

Tun farko an riƙa kwantar da yaran a asibitocin Anka da Bukkuyum ana ba su wani magani mai suna DMSA, wanda ke kama dalmar da ke cikin jini ta fita ta fitsari. Wannan na nufin uwa ta bar gida da sauran 'ya'ya na makonni, ga shi damina ta kama, hanyoyi sun lalace.

Babbar matsalar ma ita ce, yaron da aka yi wa magani in ya koma gidan da ƙasarsa ke cike da guba, to jininsa zai sake gurɓata. Ke nan an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Saboda haka aka jera aikin hawa biyu. Da farko a kankare ƙasar da ta gurɓata a gidaje da filaye, a binne ta, a zuba sabuwa. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith na Amurka, tare da ma'aikatan jihar, sun gudanar da wannan aiki a Tungar Guru tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011. Daga nan sai ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa ƙauyen da kansu, suna auna jinin yara, suna ba waɗanda dalmar jininsu ta kai maikurogiram 45 a kowace desilita magani, yaran na zaune gaban iyayensu.

A garin Bagega, inda kuɗin share ƙasar bai fito daga gwamnatin tarayya ba sai a 2013, yara sun daɗe suna jira, domin likitocin sun ce ba da maganin kafin shara ba zai amfane su ba.

Sai da sa ido

Tsarin bai rasa nasa rauni ba. Wani nazari da aka wallafa a 2014 kan yara 1,156 da aka yi wa magani a Zamfara ya nuna cewa dalma ta fi raguwa a jinin waɗanda aka kwantar a asibiti, da waɗanda ma'aikaci ya fi yawan tsayawa ya ga sun haɗiye maganin. Wato miƙa wa uwa ƙwayoyi a juya bai wadatar ba, sai an riƙa dawowa.

Akwai kuma batun wanda zai shiga gidan. A ƙauyukan da ake kulle, baƙon namiji iyakarsa zaure, alhali ƙurar da yaran suna can ciki, don haka aikin ba ya yiwuwa sai da mata.

MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jihar Zamfara a 2022. Kafin nan, a 2018, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS, na horar da 'yan gari, akasarinsu mata, su riƙa bin gida-gida suna duba masu juna biyu da ƙananan yara.

Sai dai hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka sa gwamnati ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara daga 2019 har zuwa ƙarshen 2024, sun sa isa wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi ya zama kasada ga ma'aikatan lafiya.