Darar Dattawa A Cikin Waya: Nasiha Ga Masu Ƙira

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Bayan haka, ya jama'ar malamai da fatake, ku sani cewa kaɗaici ciwo ne ga tsoho. Tun da Dutse ta zama helkwatar Jigawa a 1991 gari ya buɗe, 'ya'ya suka watsu neman abinci, majalisun ƙofar gida suka ragu. Wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, ta kusanto da na nesa, amma sau da yawa ta nisanta na kusa. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti a 2023 domin duba wannan lamari na kaɗaici.

Yanzu samari masu ilmin kwamfuta, irin waɗanda Jami'ar Tarayya ta Dutse ke yayewa, suna iya ƙera wasa a cikin waya. To, in za su yi wa dattawa, su dubi dara. Gurbi 30 ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Amma amfaninta yana ga zaman inuwa, da gaisuwa, da barkwanci, da cigiyar wanda bai fito ba.

Mun san malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kan wasannin da ke shagaltarwa. Saboda haka ga sharuɗɗa.

Na farko, kada a sa caca ko kaɗan, kuma wasa ya tsaya da kansa idan lokacin salla ya yi.

Na biyu, kada a bar tsoho ya kara da inji. Abokin karawa ya zama mutum sananne, kamar wanda suka yi fatauci tare a kasuwar Shuwarin, ƙafa ta hana su haɗuwa.

Na uku, a sa murya, su riƙa jin juna, 'yan kallo ma su sa baki. Ido ya raunana, hannu yana rawa, saboda haka harufa su yi girma, da ajami da boko.

Na huɗu, kada ya cinye kuɗin waya, domin guzurin tsoho kaɗan ne.

Na biyar, a haɗa da kacici-kacici da karin magana, inda jika zai nemi taimakon kakansa. Nan tsoho ne malami, girmansa ya dawo.

Ma'aunin abin guda ne. In an tashi wasa dattijo ya ce wa ɗansa, "Kai ni in gaida wane," aiki ya yi kyau. In kuwa ya ƙara dunƙulewa a ɗaki shi kaɗai, dara ta ci gida. Zumunta dai a ƙafa take.

Allah Ya ba mu ikon girmama na gaba. Haza wasalam.