Ƙurar Hunturu da Ciwon Sanƙarau a Ƙasar Gumel

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Hamadar Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Kowa ya san kaushi da tsagewar leɓe, amma ɓarna mafi haɗari a cikin hanci take aukuwa.

Hanci da maƙogwaro suna da wata lallausar fata mai danshi wadda ke tare ƙwayoyin cuta. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaro ba tare da sun kwanta ciwo ba. Idan ƙura da busasshiyar iska suka raunata wannan fata, sai ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini, ta kai ga mayafin ƙwaƙwalwa. Tari da atishawa ke yaɗa ta, saboda haka cunkoso, kamar na ɗakin kwanan ɗalibai, motar haya ko kasuwar Maigatari ranar Alhamis, yana sauƙaƙa mata tafiya. Cutar takan fi tsananta da shigowar bazara.

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, a 2023 kuma ta sake ɓulla a Jigawa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'o'in ƙwayar biyar.

Wajibi ne malamai su tabbatar an bar tagogi a buɗe, an kuma yi wa ɗalibai rigakafi. Duk wanda zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai da sandarewar wuya suka kama, a gaggauta kai shi asibiti, domin sanƙarau kan yi kisa cikin kwana ɗaya.