Kowane Bango Da Irin Fentinsa

Da yawa daga cikinmu, malamai da akawuna, in mun tashi gyaran gida sai mu tafi kanti mu zaɓi launin da ya ba mu sha'awa, ba mu tambayi irin fentin ba. Alhali kuwa irin fentin shi ke nuna ko kuɗinmu zai daɗe a bango, ko kuwa damina ɗaya za ta cinye shi. Iri uku ne a gabanmu, watau farar ƙasa, da fentin ruwa, da fentin mai.

Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Farar ƙasa ba ta hana shi wannan, shi ya sa iyayenmu suka riƙe ta. Aibinta shi ne tana goguwa a jikin riga, kuma sai an riƙa sabunta ta. Amma wanda ya shafa wa irin wannan bango fentin mai ya kulle laimar a ciki. Kafin a jima sai fentin ya kumbura, ya ɓamɓare, ya tafi da yaɓen.

In bangon na siminti ne, fentin ruwa ya fi dacewa da zaure da ɗakin kwana. Ba shi da sheƙi, saboda haka yana ɓoye tudu da kwarin yaɓe, kuma ba ya kashe idon mai karatu da fitila. Sai dai a bar sabon siminti ya bushe kamar wata guda tukuna.

Fentin mai kuwa wurinsa ƙofa da taga da ɗakin girki, da gindin bango inda hannun yara ke kaiwa, gama ana wanke shi da sabulu.

Akwai gargaɗi guda. Waɗansu fentunan mai suna ɗauke da dalma, wadda ke dakushe ƙwaƙwalwar yara. Amurka ta hana sa irinsu a gidaje tun 1978. Lalle mu karanta jikin gwangwani kafin mu biya, kada kuma a kankare tsohon fenti a bushe yara suna kusa. A jiƙa shi, a kwashe ɓarɓashin.

Mu duba bango tukuna, sa'an nan mu zaɓi launi.