Tsofaffin Zumunta da Lambar Fafaroma

Wanda duk ya ratsa ƙauyukan ƙasar Malumfashi ran Lahadi ya ga mata sanye da zane iri guda sun nufi majami'a. Su ne Zumuntar Matan Katolika. A cikinsu akwai tsohuwar da tun tana amarya take share majami'a, tana gaida marar lafiya, tana girki gidan makoki, ba ta taɓa karɓar ko anini ba. A hannun irinta aka yi renon yaran da suka zama limamansu, har a 2023 aka yanka wa Katsina dayosis nata daga na Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, bishop na fari.

Su kuwa ba su jira sai ta mutu. Suna tara jama'a su ambaci aikinta tana ji da kunnenta. Har lamba gare su, wadda Fafaroma Leo na 13 ya kafa a 1888, ana rataya wa mace ko namiji saboda daɗewa cikin hidima.

Aƙidarsu dabam, tamu dabam, amma wannan ladabi ya kyautu. A Kuki da Kurfi da Dutsin-Ma akwai iyaye mata da suka tsufa suna zuba wa almajirai tuwo, babu mai kiran sunansu ran saukar karatu. Alhali Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, malfa da jan ƙyalle take naɗa wa jajinta, su tafi ƙauye suna karantar da mata.